Azumin da Muka Cire Ƙugiya

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Lokacin da na fara koyon kod, wato rubutun da ake ba kwamfuta umarni da shi, na ɗauka launi ne ke sa shi aiki. Na ga a shafukan masana wata kalma shuɗiya, wata koriya, wata ja kamar manja, sai na yanke hukunci cewa kwamfuta irin 'yan firamare ce, ba ta karatu sai da fenti. Na zauna yini guda ina bin kalmomi ina shafa musu launi da hannuna. Da na gama na kira abokina Ishaku ya zo ya ga aikin injiniya. Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya kwanta a tabarma yana dariya har Umma ta leƙo ta tambaya me na ba ɗan mutane ya ci.

Ruwan jiya ne ya tuno mini da shi. Azumin bana ma cikin damina ya faɗo, kuma da la'asar ina zaune a ƙofar gida, harshena ya bushe kamar tsohon soso, ga ruwa yana zuba daga indararo yana tafiya kwata a banza a gaban idona. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya haɗu da na man ƙosai daga layin baya, sai ga ni tsundum cikin wancan azumin, na shekarar da muka gama sakandare. Na san ban kai shekarun cewa "a zamaninmu" ba. Amma wancan watan ya tsufar da ni sosai, ina jin na cancanci sanda.

A Sauka Kahuta muke, kuma wanda ya raɗa wa unguwar suna bai taɓa kwana a cikinta ba. Gidan haya ne, mu a ɗakunan gaba, su Ishaku a na baya. Mu aikin jirgin ƙasa ne ya kawo kakanmu Minna, Baba kuma tela ne. Su Ishaku daga kudancin Kaduna iyayensa suka zo, babansa yana tuƙa motar wani ɗan kwangila. A nan aka haife shi. Ya fi ni saurin baki a Hausa, ya fi ni iya zagi nesa ba kusa ba, amma harafi mai ƙugiya bai taɓa zama a harshensa ba. Sunana Ɗahiru. Tun muna yawo ba wando Dahiru yake kirana, kuma ina amsawa.

Wani ɗalibi na jami'ar da ke Gidan Kwano da ya yi haya a gidanmu shi ya koya mana kod. Da zai tafi bautar ƙasa ya bar mana tsohuwar laftof ɗinsa, wadda batirinta ya riga mu gidan gaskiya tun da daɗewa. In aka ɗauke wuta, nan take take mutuwa, ko kalmar shahada ba ta samu.

To, ana saura kwanaki kaɗan a ga wata aka yi wata iska mai tsawa, taransifomar unguwarmu ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru. Har aka yi salla ba mu sake ganin wuta ba. Baba ya koma keken ƙafa da dutsen guga na gawayi, ga shi kuma a shekarar mutane ba su kawo ɗinkin salla kamar da ba. Wasu tsofaffin riguna suka kawo a rage musu ko a ƙara. Tsohuwar doya ta ƙare a kasuwa, sabuwa ba ta sauko inda hannunmu zai kai ba. Kunun Umma ya dinga tsinkewa kullum, har na ce mata wata rana zan iya yin alwala da shi. Ta jefe ni da ludayi.

A ɗakunan baya abin ya fi muni. Ɗan kwangilar ya ajiye mota, ya sallami baban Ishaku. Wata safiya a bakin rijiya, a gabana, uban ya gaya wa Ishaku cewa bayan salla zai tura shi ƙauye wajen ƙaninsa, gonar citta. Bakuna sun yi yawa a ɗaki. Sai dai in ya sami abin da zai riƙe kansa a Minna. Ishaku ya ci gaba da jan guga. Yaron da zai iya kwance matsalar kod yana tafiya a kan titi, shi za a tura inda sai an hau dutse ake samun layin waya.

A makon ne Malam Sabo, mai kafen intanet na bakin kasuwa, ya ce yana so ya buɗe ajin hutu na koyar da yara kwamfuta da Hausa, saboda 'ya'yan 'yan kasuwa. Ya san mu, don mun sha zuwa mu cika masa kafe da surutu. Ya ce mu rubuta darussa mu ɗora su a bulog, shafin da yaro zai buɗe ya karanta, ya kwafi kod ya liƙa a kwamfutarsa ya ga ya yi aiki. In abin ya yi masa kafin salla, zai ɗauke mu mu biyu mu koyar, da ɗan abin hannu da abincin rana. Ni na ji abincin rana. Ishaku ya ji Minna.

Ga yadda kwanakin suka dinga tafiya. Bayan sahur da asuba in ɗan runtsa, hantsi ya yi mu nade laftof cikin ledar shinkafa saboda ruwa, mu nufi shagon wani mai aski a bakin titi. Yana da ƙaramin janareta, amma ba ya tayar da shi sai kai ya zo. Saboda haka mu zauna a benci muna addu'ar Allah ya kawo mai suma. In muka hango mutum da gashi kamar dajin Gwari, mu miƙe mu gaishe shi tun daga nesa. In mai sanƙo ne, ko kallonsa ba ma yi. Janareta na tashi Ishaku zai hau rubutu kamar ana bin sa da bulala, ni ina fassara bayani da Hausa ina kallon kan mutumin da ake aske wa, ina lissafin layi nawa ya rage mana. Mai askin mutumin kirki ne. Wani lokaci sai ya tsaya gyaran gemu da babu shi, don dai mu adana aikinmu.

Da azahar zafi ke sauka, irin na kafin hadari, mai danshi, wanda riga ke manne wa mutum a baya. Lokacin kafe ba kowa, sai Malam Sabo ya bar mana kwamfutar lungu. La'asar ta yi, sama ta tsage. Mu dawo gida cikin taɓo, mu tarar maman Ishaku ta kafa kasko a zaure tana soya ƙosan sayarwa ga masu buɗa-baki. Wannan ƙamshin, in da ana kai ƙamshi kotu da na kai shi.

Na lura Ishaku, duk da shi Kirista ne, ba ya cin komai a gabana duk yini. Na ɗauka kara ce yake yi mini, har na ce masa ya je ya ci abincinsa, ni jarumi ne, ba ruwana. Ya ce wane abinci? Ƙosan na sayarwa ne, su sai gutsattsarin ƙasan kasko. Na yi ƙoƙarin mayar da abin wasa, na ce to ashe tare muke azumi, sai ya zo a raba lada.

"Naka ya fi nawa, Dahiru," in ji shi. "Naka yana da magariba."

Daga ranar Umma ta fara zuba kunu kwano biyu, ya ƙara tsinkewa, ba wanda ya sake yi mata tsiya.

Darussa ba su ba mu wahala ba. Zaɓen manhajar da za ta riƙe shafin ne ya cinye mana rabin wata. Akwai wadda sai da katin banki na waje, muka leƙa muka rufe da ladabi. Sauran biyu na kyauta na raɗa musu suna.

Ta farko na kira ta 'Yar Kwalliya. Tana da kyau, tana da ado, kuma tana nuna ƙ da ɗ da ɓ tsaf, kowanne da ƙugiyarsa. Ranar da na ga Ɗahiru a saman shafi kamar allon babban kanti, na kusa karya azumi don murna. Amma kod fa? Harshen kod ɗin da muka koya, mai sunan maciji, yana da wata ɗabi'a: layin da ke ƙarƙashin wani dole ya matsa ciki kaɗan, da haka kwamfuta ke gane wane ne yaron wane. 'Yar Kwalliya ba ta son rashin tsari. Sai ta kwashe duk filin da aka bari, ta jera layuka daidai kamar sahun salla. Sannan 'yan sandunan nan biyu miƙaƙƙu da ake kewaye magana da su a kod, sai ta lanƙwasa su don ado, su koma kamar gashin bakin ɗan dambe. Ido ba ya ganin bambanci. Kwamfuta tana gani. In ka kwafa ka liƙa, sai ta watso maka jan rubutu na kuskure.

Ta biyu na kira ta Ɗan Dako. Ba kyan gani, fari fat kamar bangon asibiti. Amma kayan da ka ɗora masa haka zai sauke maka su. Yana da akwati na musamman don kod, ba ya taɓa fili, ba ya lanƙwasa komai, har lamba yake sa wa kowane layi. Laifinsa ɗaya: duk inda ya ga ƙugiya sai ya maye gurbinta da alamar tambaya. Ƙasa ta zama ?asa. Ni na zama ?ahiru. Mako guda Ishaku yana kirana Malam Tambaya, har mai aski ya ɗauka.

Mun gwada ɗaukar hoton kod mu liƙa a 'Yar Kwalliya. Hoto ba a kwafar rubutu daga cikinsa, kuma da layin intanet na lokacin, in ruwa na sauka, hoton daga sama yake buɗewa a hankali kamar ana sauke labule a gidan makoki. Mun gwada canza nau'in haruffa. Mun gwada roƙo. Ni har tofi na yi wa kibod.

Muka yi ta musu a kan bencin mai aski, da ƙaramar murya don ba mai ƙarfin ɗaga ta. Ni ina bayan 'Yar Kwalliya. Na ce sai mu rubuta gargaɗi a sama, yaro ya gyara fili da sanduna da kansa. Na ce shafin Hausa mai cike da alamar tambaya abin kunya ne, Baba ma zai tambaye ni ko jarrabawa nake rubutawa. Ishaku ya ƙi. Ya ce yaron da bai taɓa ganin kod ba, ta yaya zai gyara abin da bai san ya lalace ba?

"Zai kwafa, ya ga ja, ya sake, ya ga ja. Ba zai ce shafi ne ya lalace ba, mutumina. Zai ce shi ne dakiki. Kuma ba zai dawo ba."

Ni ma na taɓa zama wannan yaron. Sai ya kawo shawararsa: mu zauna da Ɗan Dako, mu cire ƙugiyoyin gaba ɗaya, mu rubuta k da d da b lami, yadda ake rubuta saƙon waya. Ya ce shi duk rayuwarsa ba ƙugiya yake magana, kuma bai taɓa neman kosai an miƙo masa wani abu ba.

Haka muka yi. Da umarni ɗaya kwamfuta ta bi darussa ta aske su ƙwal. Ba wai ba mu yi hattara ba. Na zauna na karanta wa Umma da ƙarfi tana tankaɗe, duk inda ta yi dariya mu canza kalma. "Idan ka kare" ya koma "idan ka gama", don kada mu kira 'ya'yan mutane da sunan dabba. "Duba kasa" ya koma "duba layin da ke biye". Muka bi kowane kod, muka kwafo shi daga shafin, muka liƙa, muka ga ya yi aiki, mu sake. Muka tabbata mun kama su duka.

Cikin goman ƙarshe Malam Sabo ya ce mu zo. Ana wani irin zafi, hadari ya haɗo ta gabas ya tsaya yana tunani. Kafe da 'yan samari suna kallon ƙwallo a kwamfuta ɗaya, da wasu 'yan kasuwa biyu da suka shigo shan iskar fanka. Malam Sabo mutum ne mai ji da Hausarsa, irin wanda ke gyara wa mai karanta labarai a rediyo daga kan kujerarsa. Ya ɗora tabarau a hanci, ya ce shi ne yaron yau, zai bi darasi na ɗaya kamar bai san komai ba, kada kowa ya taimake shi.

Ya karanta gabatarwa yana ɗan yamutsa fuska. Ya kwafi kod daga akwati. Sai ya zo layin da ke gaya wa yaro inda zai liƙa shi. Akwai wata taga baƙa ƙirin da ake buɗewa a kwamfuta don ba ta umarni, mu kuma tun farko baƙin allo muke kiranta. A shafin, abin da ke rubuce shi ne: "Je ka bakin allo ka lika."

Malam Sabo ya ja kibiyar linzami har can gefen allo, bakinsa na dama, ya danna. Ba abin da ya faru. Ya koma bakin hagu. Ya gwada na sama, ya gwada na ƙasa. Ya juyo ya tambaya wane bakin, tunda allon nasa baki huɗu gare shi.

Na gano kuskuren tun kafin ya rufe baki. Na buɗe nawa zan yi bayani, Ishaku ya riga ni, don shi ya fi ni buƙata.

"Ba baki ba, Malam. Baki. Bakin allo."

"Abin da na ce ke nan."

"A'a, Malam, baki. Wanda ba fari ba."

Ɗaya daga cikin 'yan kasuwar ne ya fara fashewa, sai 'yan ƙwallo suka juyo, aka maimaita musu, kafe ya ɗauka. Wani ya ce a kawo tafinta. Wani ya ce Ishaku ya ce ƙwai a ji. Ni da na fi kowa son dariya a duk Sauka Kahuta, na tsaya kamar an dasa ni. Na miƙa hannu na buɗe baƙin allon, na liƙa kod, na danna. Ya yi aiki. Kwamfuta ta tambayi suna, ta yi gaisuwa, ta jero jadawalin sau bakwai ba kuskure ko ɗaya. Ba wanda yake kallo.

Da aka lafa, Malam Sabo ya cire tabarau ya goge ido. Ba da mugunta ya yi magana ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya ce aikin ya yi, amma iyayen yaran nan kuɗinsu za su biya, kuma in yaro ya koma gida yana kwaikwayon malaminsa, shi za a zo a samu. Ya ce dama ya sake tunani, mutum ɗaya ya ishi ajin. Ya ce ni in fara bayan salla.

Na ce masa manhajar ce ba ta ɗaukar ƙugiya, ni na rubuta layin da hannuna, kuma duk kod ɗin da ke shafin na Ishaku ne, ni ɗan fassara ne kawai.

"Na ji, Ɗahiru," in ji shi. "Amma manhaja ce ta hana shi faɗa da bakinsa?"

Muna fita ruwa ya sauko. Ba mu fake ba. Na rungume laftof cikin ledarta ina ta zuba: wallahi ba zan zo ba, in ya ga ƙafata a kafensa ya yanke ta, gara in yi tallan rake, zan buɗe nawa kafen a gabansa in sa masa suna Baki Huɗu. Ina jira ya yi dariya. Har muka wuce shagon mai aski bai yi ba. Sai a bakin kwatar layinmu ya tsaya, ruwa na bin fuskarsa, ya ce in daina hauka.

"Ka karba. In ka ki, wani zai ba, ya lalata mana darasi. Ka gyara layin nan kawai. Ka sa taga mai duhu."

Aka kira magariba muna zaure. Umma ta miƙo kunu, na sha, ban ji ɗanɗanon komai ba. Maman Ishaku ta tambaye shi yaya aka yi, ya ce ana tunani. Ta dube ni, na duƙa ina neman abin da ban yar ba.

Yanzu abubuwa sun canza. An gyara taransifoma, tana kawo wuta in ta ga dama. Keke mai ƙafa uku ya kori achaɓa daga titi, yara suna buɗe shafi a waya. Bara wani ɗalibi ya nuna mini cewa Ɗan Dako yana ɗaukar ƙugiya sarai. Layi ɗaya ne ake ƙarawa a saitinsa, gajere, bai kai tsawon sunana da na Baba ba. Ya rubuta shi yana cin gyaɗa. Na ce masa na gode, na fita waje na daɗe.

Na karɓi aikin. Na koyar da ajin hutun nan har ya ƙare, kuma ba yaron da ya kwafi kod daga shafin ya ga jan rubutu. Ishaku ya ci tuwon salla a ɗakinmu, da aka kwana biyu babansa ya raka shi tasha. Laftof ɗin ya bar mini, ya ce can ba inda zai soka ta. Har yau yana gonar citta.